Shawarwarin da majalisarmu ta bai wa mai son tsayawa kansila

Wani ƙanenmu ya zo majalisa bayan sallar isha'i, ya ce yana son neman kansila a mazaɓarmu da ke cikin birnin Kano. Ga abin da na tsinta daga bakin manya.

Dattijon cikinmu, wanda ya yi siyasar PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, shi ya fi jan magana. Ya ce Bakano mutum yake bi, jam'iyya riga ce kawai. Ya tuno yadda aka zaɓi Abubakar Rimi gwamna a 1979 saboda Malam Aminu Kano, da yadda Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da gwamna mai ci, Rabi'u Musa Kwankwaso, a 2003, sannan Kwankwaso ya dawo a 2011. A 2023 kuma NNPP, da ba ta daɗe da ƙarfi ba, ta ɗauki kujerar gwamna. Don haka, in ji shi: "Yaro, kada farin jinin jam'iyya ya ruɗe ka, ka fara da zuwa jana'iza da suna da dubiya."

An kuma tuna wa ƙanen namu cewa zaɓen ƙananan hukumomi hukumar zaɓe ta jiha ce ke gudanar da shi, ba INEC ba, kuma a nan jam'iyya mai mulki ce ta saba kwashewa. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, ni ma na yarda da ita.

Kan rabon taliya da sabulu an yi saɓani. Wasu sun ce dole ne, wasu sun ce mutane za su karɓa su zaɓi wanda suke so. Abin da kowa ya amince da shi: ya nemi mata, domin su ke cika layi tun da safe, kuma ya sa wakilai masu amana su tsaya a akwati har a gama ƙirga.