Ƙanena na reya (ɗakin masu ciwo mai tsanani a asibiti), an ce huhunshi ya bugu, mu ɗauke shi ko mu bari?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara kaina ya ɗaure. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne, moton ma ba nashi ba ne na maƙwabcinmu ne, tun da tsohonmu ya rasu shi ka riƙe da Inna, na sha ce mishi ya bar hanyar Ɗan Isa da dare bai ji ba. Shekaranjiya mota ta kaɗe shi, haƙarƙari sun karye. Ranar hwarko har hura ya nema, radiyo (hoton ƙirji) ba ta nuna komi a huhu ba, jiya sai numfashi ya ƙiya sunka kai shi reya sunka sa mishi oksijan. Dokta ya ce jini da ruwa sun kwanta cikin huhu, in bai gyaru ba sai mashin na numfashi. Ba operasiyon, ƙarin ruwan ma ɗis-ɗis.

Alhaji: Ɗana ka nemi mota yau ɗin nan ku tahi Kano. Mutum ya shiga da bakinshi yanzu ba ya magana, mi kake jira?

Tsohon majo (ma'aikacin asibiti): Alhaji haka ciwon yake. Bugun huhu ba ya cika hitowa a radiyo awannin hwarko, sikana, babban mashin ɗin hoton cikin jiki, ta hi ganinshi, kuma cikin awa 24 zuwa 72 yake tsananta kahin ya sauka. Ba a yi mishi aiki. Ruwan da gangan suke aunawa, in ya yi yawa huhun ka cika. Ku tambaya ko maganin zahi na isarshi, in bai iya tari majina ta taru sai ciwon huhu ya biyo.

Hajiya: Allah ya ba shi lahiya. Ni mai gidana ordonans (takardar sayen magani) kaɗai ta cinye muna tumaki, ko kallonmu ba a yi.

Alhaji: Kun ji ko! Mashin ɗin nan kar ka sa hannu. Ga masu ɗori ma.

Tsohon majo: Ba a ɗaure ƙirji Alhaji, numfashin za a ƙara matsewa. Kuma oksijan ɗin wa zai riƙe mishi har iyaka?

Mai tambaya: Ni ban ce zan kai shi ɗori ba, Alhaji ne ya kawo maganar. Kuma ba mu yi jinkiri ba, daren munka kai shi asibiti. Inna dai ta ce ba a sa mishi mashin tana raye.

Alhaji: Ina da direba, turo lambarka.