Shin makin ƙarshen darasi ya isa auna ɗabi'ar ɗalibi?

Malamar aji huɗu: Assalamu alaikum, malamai. Ra'ayina shi ne, malamin da aji ya cika masa ba shi da sukunin riƙe takarda yana ƙirga sau nawa yaro ya bar kujerarsa ko ya katse magana. Abin da zai iya, kuma ya wadatar, shi ne ya ba yaron maki daga sifili zuwa goma da zarar darasi ya ƙare, a kan abubuwa uku: mayar da hankali ga aiki, ladabi, da damun aji. Cika wannan bai kai minti ɗaya ba.

Malamin lissafi: Wa alaikumus salam, Malama. Sauƙinsa ba abin musu ba ne, amma makin da aka bayar bayan darasi daga abin da malami ya tuna yake fitowa, kuma abin da ya fi ɓata masa rai shi ya fi tunawa. Tun a 1920 masanin halayyar ɗan Adam Edward Thorndike ya lura cewa idan hafsoshin soja suna ba sojojinsu maki, wanda ya burge su a fuska ɗaya sai su ɗaga masa maki a sauran fuskokin, wanda kuwa bai kwanta musu ba sai su danne shi a ko'ina. Yaron da ya yi suna da ƙiriniya zai sha ƙaramin maki ko a ranar da ya natsu. Na fi son agogo ya girgiza a aljihu duk bayan minti biyar, malami ya ɗaga ido a daidai wannan lokacin, ya rubuta ko yaron yana kan aikinsa ko a'a.

Malamar aji huɗu: To, Malam, a darasin minti arba'in ai kallo takwas ke nan. Idan yaro ya mari ɗan'uwansa tsakanin kallo da kallo, takardarka za ta nuna lafiya lau aka tashi.

Mataimakiyar shugaban makaranta: Kowannenku yana da gaskiya a inda ya tsaya, domin ɗabi'un ba iri ɗaya ba ne. Abin da ke ɗaukar lokaci, kamar shagala ko yawo a cikin aji, kallon agogo ya dace da shi. Abin da ke faruwa farat ɗaya kuma yana da farko da ƙarshe, kamar duka ko zagi, ƙirga shi ake yi, kuma ba sai an ɗauki biro ba: malami zai iya zuba ƙananan abubuwa a aljihun dama, duk lokacin da abin ya faru ya mayar da ɗaya aljihun hagu. Inda na fi saɓa wa Malama shi ne kalmar "ladabi", wadda malamai biyu ba za su fassara ta daidai ba. Sai an ce "ya yi magana ba tare da ɗaga hannu ba" kafin alƙaluman su zama abin dogara.

Malamin kimiyya: Me zai hana a riƙa rubuta makin a kan allo? A 1969 an gwada haka a wani aji huɗu a jihar Kansas ta Amurka, inda aka raba ɗalibai gida biyu, ana sa wa rukuni alama idan ɗansa ya yi surutu ko ya bar kujera, kuma rashin natsuwa ya ragu sosai.

Malamin lissafi: Wannan magani ne, Malam, domin yaro na ganin ana ƙirga shi zai canza. Idan ana son sanin ko wata dabara ta yi aiki, sai an fara auna halin da ake ciki a ɓoye na 'yan kwanaki kafin a soma ta.

Malamar aji huɗu: Na yarda a fayyace ɗabi'ar, kuma a ƙirga duka da zagi. Amma a kan mayar da hankali ina nan a kan makina, sai dai Hajiya mataimakiyar shugaban makaranta ta riƙa shigowa ajina lokaci-lokaci da agogonta, mu gwada alƙalumanta da nawa mu ga inda suka saɓa.