Muryata na zamewa daga kiɗa in na haɗa su

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina Zango, nan Damagaram. Ni da abokina mai kalangu a Maradi muna sake rera wata tsohuwar waƙar biki: shi ya turo kiɗa, ni in ɗora murya a waya.

Farkon waƙar komai daidai yake. Kafin minti 2 muryar ta fara jan ƙafa, a ƙarshe har amshi na faɗowa bayan kalangu. Na ajiye abin kunne na Bluetooth na koma mai igiya, na sake ɗauka sau 3, na sa ya turo kiɗan a fayil ɗin sauti irin WAV maimakon MP3. Duk ɗaya, abin ya ishe ni. Sample rate (wato sau nawa na'ura ke auna sauti a kowace daƙiƙa) na kiɗansa 48 kHz ne, na muryata 44.1 kHz.

Wannan bambancin ne ke jawo zamewar?