Igiyar kyamara na neman karya min wuya, don Allah a ba ni shawara

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri da dogon rubutu, na rasa ta inda zan fara ne.

Shekarata uku ina ɗaukar hoton biki a ɓangaren mata, kamu da sa lalle da yini, wani lokaci har dina idan mai gida ya bari. Asali kwalliyar amare nake yi. To sai in ɓata awa biyu a fuskar amarya, mai hoto ya zo ya haske ta, hoda ta fito fari fat kamar an barbaɗa mata fulawa, kuma ni za a zaga. Shi ne na sayar da ɗan kunnena da zobe, na haɗa da kuɗin adashi, yayana ya samo min kyamara Canon 5D Mark III tokumbo a hannun wani abokinsa. Mai gidana da farko bai so ba, sai da Hajiyarsa ta sa baki. Har gobe idan na ce wuyana, sai ya ce ai ke kika ɗora wa kanki. Shi ya sa na kawo kukana nan.

Igiyar da ta zo da kyamarar nake ratayawa a wuya. Satin da ya wuce na yi kwana uku a jere, ranar Lahadi ko sallamar sallah sai da na juya da jikina gaba ɗaya. Gefenta yana gurzar fata, ga zufa, ga hijabi yana naɗewa a ciki. In na mayar da ita kafaɗa ɗaya sai ta riƙa zamewa, in yi ta ɗage kafaɗa kamar mai jin sanyi. Ranar Asabar ina da dina. Wace iri zan saya? Amma ban da wadda za ta mayar da ni abin kallo.

Sadiq Kurna:
Wa alaikumussalam. Anti wane lens, wato gilashin gaban kyamara, kike ɗaurawa, kuma nawa kika ware? Ba ki faɗa ba.

Oga Bala:
Ƙanwata, tsaya ki ji. Tun zamanin fim nake wannan aiki, tun ana wanke hoto a ɗakin duhu, na yi Hawan Daushe a ƙafa da kyamara biyu ba sau ɗaya ba. Wuya ba wurin ɗaukar kaya ba ne. Waccan igiyar ta cikin kwali talla ce kawai kike yi wa kamfani kyauta. Kyamararki ita kaɗai da batir giram 950 ce, kafin a zo maganar lens. Duk soson da za a naɗa mata, muddin a dokin wuya nauyin yake sauka, kanki zai riƙa rinjaya gaba, ciwon yana nan.

Ki nemi igiyar BlackRapid, magana ta ƙare. Ana saƙala ta a kafaɗar hagu ta ratso ta sauka a ƙugun dama. Tana da noti da ake murɗawa a ramin nan na ƙasan kyamara, wanda ake ɗora ta a kan ƙafa uku da shi. Kyamarar tana rataye ne kanta a ƙasa a gefen cinyarki, in za ki ɗauka sai ta zame ta taho sama, matashin kafaɗar yana nan inda yake. Duk wanda ya gaya miki wani abu daban bai yi yinin biki ba.

Maman Ilham:
Na gode Oga, Allah ya ƙara girma. Amma na ga irinta a jikin wani mai bidiyo, ta tsakiyar ƙirji take ratsawa. Ku maza ne. Ni in na ɗora ta a kan hijabi matse ni za ta yi, ga iyaye mata zaune, ga dangin ango. Ba zan iya ba gaskiya.

Zee Kaduna:
Maman Ilham ai ba a kan hijabin ake ɗorawa ba. Ni a kan abaya nake saƙalawa, sai in yafa mayafi a sama, kyamarar ta leƙo ta gefe, babu wanda ya san da ita. In kuma kin ƙi ratsawar sam, ki duba Peak Design Slide. Faɗinta milimita 45, yadinta irin na bel ɗin mota. Gefe ɗaya santsi, ɗaya gefen da ɗan roba, in kin juya robar ta kwanta a kafaɗa ba ta zamewa ko a kan yadi mai sulɓi. Wasu 'yan maɓallai ne masu zare ake ɗaurawa a kunnuwan kyamarar, ki ɓalle ki mayar cikin daƙiƙa.

Ni fa abin da ya fi kashe min kafaɗa ma ba nauyi ba ne, ƙawayen amarya ne. Kina tsaka da saiti wata za ta finciko igiyar ta baya, "Anti ɗauke ni, Anti mu gani". An gama biki kuma ka bi cikon kuɗinka har waya ta gaji. Akwai wadda tun bayan ƙaramar sallah nake bi, ta sa hotunan a Instagram kuwa, har da godiya ga "mai hotona".

Musa Dorayi:
Da girmanka Oga, amma ni ba na ba kowa shawarar mai notin nan. Bara a wani hol notin ya warware ban sani ba, ina tafiya sai jin ƙara na yi a kan tayil. Lens ya tafi, wata biyu ina aikin aro. Na koma wurin wanda ya sayar min ya ce kaya ya bar shago, ruwansa ya ƙare. Anti in ma kin saya, ki ɗan jiƙa robar notin kafin ki ɗaure, ta fi kamawa, ki riƙa duba shi duk bayan ɗan lokaci. Sannan ki ƙara wani siririn zare mai ƙarfi daga kunnen kyamara zuwa igiyar, ko da ɗaya ya saki ɗaya ya riƙe.

Oga Bala:
Musa, jabu ka saya, kar ka ɓata wa mai kyau suna. Nawa ka biya? Faɗi gaskiya a gaban mutane. Tawa ta fi shekara goma, ko sau ɗaya. Araha ba ta ado.

Musa Dorayi:
Ranka ya daɗe, ko ta ainihi ce noti noti ne, abin da aka murɗa yana iya warwarewa. Kuma ba kowa ne yake da mai kawo masa kaya daga Dubai ba.

Malam Nura:
Ku kuna ta kiran sunayen Turawa. Hajiya ki shiga Kasuwar Kurmi wurin dukawa da tsohuwar igiyarki, su yanka miki fata mai laushi faɗin yatsa uku, su ɗinka a kan tsawonki. Tawa can aka yi. Ki ce a ninka ɗinkin wurin zoben, can ne yake fara cinyewa. Wata biyu za ta ɗauki siffar kafaɗarki. Ai ita ma igiyar HoldFast ɗin da manyan masu hoton aure suke yayi a Amurka fata ce.

Oga Bala:
Fata a zafin Afrilu? Ta sha zufa ta yi tsami, jan rinin ya sauka a farar shadda. Na gani da idona a ɗaurin aure. Ita mai son kar ta zama abin kallo.

Malam Nura:
Sai a ce kar a rina, Oga. Wannan ai ba matsala ba ce.

Abba Zinder:
Ni igiyar Op/Tech nake amfani da ita, mai roba-roba mai ɗan miƙewa, tana rage jin nauyin in kana tafiya. Illarta zafi, wurin da ta kwanta sharkaf yake yi, kuma da babban lens tana sa kyamara tsalle-tsalle. Dama ina tambaya, akwai wanda ya san inda ake gyara zoben zum na lens, wanda ake murzawa a jawo nesa kusa, a Kano? Nawa ya fara cijewa tun hunturu.

Sadiq Kurna:
Anti har yanzu ba ki faɗi lens ba fa.

Maman Ilham:
Yi haƙuri Sadiq, Ilham ce ta tashi. Kullum lens mai lamba 24-105 ne. Amma ranar dina ina hayar babban farin lens ɗin nan mai jawo nesa, 70-200 mai 2.8, da fitila a sama. Sai 'yar jakar batir da kati, ita ma a wuya nake ratayawa don kar a ɗauke.

Sadiq Kurna:
Innalillahi. Anti ai da kin fara da wannan. Farin lens ɗin nan shi kaɗai ya kusa kilo ɗaya da rabi. Haɗa da kyamara da fitila mai batir huɗu, kin doshi kilo uku, kamar ki rataya manyan robobin ruwa biyu a wuya daga magariba zuwa sha ɗayan dare. Kowace igiya kika saya, ranar da kika ɗaura shi a 'yar ƙafar da ke ƙasan lens ɗin ake maƙala ta, ba a jikin kyamara ba, in ba haka ba nauyin lens ɗin zai riƙa jan bakin kyamarar. Ni da zan ba ki shawara ki bar hayarsa, ki nemi ƙaramin lens, 85 mai 1.8, giram 425 ne kacal, kuma a duhun hol ya fi shan haske. Jakar kuma ki mayar da ita ƙugu.

Maman Ilham:
Hmm Sadiq, ba ka san amaren yanzu ba. In ba su ga farin lens ba cewa suke ba ki iya ba, wata uwar amarya har tambayata ta yi ina babbar kyamarar. Da shi nake samun dina. Kuma 85 ba ya zum, ni ba zan yi ta kutsawa tsakiyar fili cikin maza ana liƙi ba, daga gefe nake tsayawa.

Oga Bala:
To kin gani. Da 70-200 babu wata magana sai abin da na faɗa tun farko. Ta kafaɗa ɗaya da kilo uku, wata shida za ki fara tafiya a karkace.

Zee Kaduna:
Oga ai Slide ɗin ma ana ratsa ta in an so, ba sai taku ba. Ni dai da ita na yi biki uku a sati ban sha magani ba.

Hauwa Nas:
Ni ba mai hoto ba ce sosai, ma'aikaciyar jinya ce. Maman Ilham, ciwon yana sauka hannu? Yatsunki suna mutuwa, ko kina jin kamar ana tsira miki allura? In haka ne ki je a duba ki a sashen gashin ƙashi, kar ki tsaya kan igiya kawai.

Maman Ilham:
Yatsu biyu ne kawai a hannun dama, kuma suna sakewa da safe. Ba na jin na asibiti ne, riƙon kyamara ne. Ina shafa man zafi. In na ce asibiti kuma shi ke nan mai gida ya samu hujja.

Hauwa Nas:
Yatsu biyun nan su ne dalilin zuwa, 'yar uwa.

Maman Ilham:
In sha Allah bayan Asabar zan gani. Na gode muku duka wallahi. Na duba kuɗin waɗanda Oga da Zee suka faɗa, ba zan iya ba a wannan watan, kuma ko na yi oda ba za ta iso ba. Kurmi kuma ban san kowa ba, tsoro nake a yanka min a ɓata. Ɗazu na kai wa telata tsohuwar, za ta naɗa mata soso da yadin atamfa ta ƙara mata faɗi. Ai dai zai rage ko?

Oga Bala:
Ba zai rage komai ba, zufa kawai za ki ƙara. Ki turo yayanki shago gobe ya karɓi tawa ta biyu, ki gwada ranar Asabar ki dawo min da ita.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri Oga. Sai dai yayan nawa yana Abuja, kuma ni har yanzu ratsawar nan ce ba ta kwanta min ba. Bari in ga aikin telar tukuna.

Musa Dorayi:
In kin karɓa dai ki duba notin.

Abba Zinder:
Jama'a maganar mai gyaran zum ɗin fa?