Beatrice di Tenda: Wane Faifai Ya Kamata Ka Fara Saurara?

Wani abokinmu ya tambaya wane faifai zai nema na Beatrice di Tenda, wasan waƙar Bellini, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, da aka fara nunawa a gidan wasan La Fenice na birnin Venis a 1833, wanda yanzu da wuya a gan shi a dandali.

Kusan kowa a cikinmu ya ce a fara da na kamfanin faifai na Decca na 1966. Joan Sutherland ce Beatrice, Richard Bonynge na jagorantar makaɗa, ga mawaƙi Pavarotti yana matashi a matsayin Orombello, mutumin da aka zargi Beatrice da shi. Sauti tas, muryar Sutherland na hawa sama ba gargada. Ƙorafin wasu shi ne kalmominta ba sa fita sosai, kuma da gaskiyarsu.

Mai son ya ji zafin Beatrice, matar da mijinta ya yanke wa hukuncin kisa bisa ƙazafi, an ce ya nemi faifan mawaƙiya Leyla Gencer na Venis, 1964. Ɗaukar kai tsaye ce, ana jin 'yan kallo na tari, ga ƙarar takun ƙafa, amma ni nan zuciyata ta fi karkata.

Faifan mawaƙiya Edita Gruberova kuwa ya raba kawuna. Ka saurari "Angiol di pace", ɗaya daga cikin waƙoƙin wasan, a kowanne kafin ka saya.