Neman shawara: darasin minti 80 bayan tara, yara sai gyangyaɗi

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. Ina koyar da lissafi a aji biyu na ƙaramar sakandare. An haɗa mini firiyod biyu, minti 80, da an dawo daga tara. Yaran sun haura 70, uku-uku a benci, rufin kwano ne ba silin. Rabin awa na farko lafiya lau, daga nan sai na baya su hau gyangyaɗi, na tsakiya kuma surutu. In na ce "kun gane?" su amsa "eh" baki ɗaya, amma in na duba littattafansu sai in ga ba haka ba. Don Allah yaya zan yi?

Malamin lissafi: Wa alaikumus salam, Malama. Matsalar ita ce bakinki ne kaɗai ke aiki, hannayensu na hutawa. Ki yanka lokacin gunduwa-gunduwa, kada bayani ya wuce minti 12 a jere ba su taɓa biro ba.

Kafin su gama zama, tambayoyi uku daga darasin da ya wuce su riga su hau allo, su yi cikin minti 6. Wannan kaɗai yana kashe hayaniyar dawowa daga tara. Sai ki warware misali ɗaya kina faɗin dalilin kowane mataki. Misali na biyu su za su riƙa faɗa miki abin da za ki rubuta. Sannan ki ba su tambayoyi huɗu su yi bibbiyu, minti 10, ke kuma ki bar gaban allo ki ratsa layuka har bangon baya. Wajen minti na 40 kowa ya miƙe tsaye, a miƙe jiki, mai ruwa ya sha, minti biyu kacal. Kashi na biyu ya tafi a kan tsari ɗaya da tambayoyi masu ɗan tauri. A minti 5 na ƙarshe kowa ya amsa tambaya ɗaya a ƴar takarda ya miƙa miki a bakin ƙofa.

Kwafar rubutu ita ce babbar mai kawo barci. Kada ki cika allo su yi rabin awa suna kwafa. Ki raba shi layi biyar-biyar, bayan kowane bayani.

Malamar kimiyya: Ƴar'uwa, ki daina tambayar "kun gane?" gaba ɗaya, yaro ba zai ce wa malama a'a a gaban mutum 70 ba. Ki sa kowa ya ninke farar takarda gida huɗu, ya rubuta A, B, C, D da manyan baƙaƙe. Ki rubuta 2x + 3 = 11, zaɓin kuma 4, 7, 8 da 6. Ki ƙirga zuwa uku, kowa ya ɗaga harafinsa a ƙirji lokaci ɗaya don kada a leƙa na maƙwabci.

Amfanin yana cikin amsoshin kuskuren, don ba da ka ake zaɓarsu ba. Wanda ya ɗaga 7 ya ƙara 3 ne maimakon ya ɗebe. Mai 8 ya ɗebe daidai amma ya manta rabawa da 2. Mai 6 kuwa ya ɗebe 2 a inda ya kamata ya raba. Kallo ɗaya ya ishe ki sanin inda cutar take. In mafi yawa sun samu, ki wuce. In ajin ya rabu biyu, kada ki faɗi amsa, ki ce kowa ya shawo kan na kusa da shi cikin minti ɗaya, a sake ɗagawa. In kusan duka sun faɗi, to bayanin ne ke buƙatar sakewa ta wata hanya.

Tsohon shugaban makaranta: Ƴata, Allah ya yi miki albarka da kika damu da na baya. Wata mai binciken ilimi a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano a shekarun 1970 cewa malamai ba sa jiran amsa fiye da kamar daƙiƙa ɗaya, kuma in aka kai jiran daƙiƙa uku zuwa sama, amsoshi na ƙara tsawo, masu amsawa na ƙaruwa. Ki fara jefa tambaya, ki yi shiru, sannan ki kira suna. In kika fara da suna, sauran sun samu hutu.

Mai barci kuma kada a sa shi kamun kunne ko durƙuso, zai farka da haushi ne, darasi ya wuce shi. Ki tura shi ya wanke fuska, ya dawo ya goge allo ko ya raba littattafai. A watan Maris da Afrilu, tagogi duka a buɗe, kuma ki riƙa juya layuka duk mako, na baya su dawo gaba. Yaron da kullum yake barci, ki tambaye shi a keɓe. Wani yunwa ce, wani talla ko aikin dare.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Baba. Tsorona shi ne manhaja ba za ta ƙare ba kafin jarrabawa, kuma in na ce su tattauna ajin zai zama kasuwa.

Malamin lissafi: Shi ya sa na ce bibbiyu. Rukunin mutum shida a kan bencin da ba ya juyawa, biyu ne za su yi aiki, huɗu su yi hira. Ki koya musu alamar tsayawa tun ranar farko: tafi biyu, su amsa da ɗaya, biro a ƙasa. Makon farko za a ɗan sha hayaniya, ki daure. Game da manhaja, takardun bakin ƙofa za su nuna miki abin da ya zauna, ki daina maimaita shi, lokacin ya koma kan abin da ya gagara. Ba sai kin yi musu maki ba, ki ware su kashi biyu kawai, daidai da kuskure, ki ɗauko tambayoyin buɗe darasi na gaba daga kashin kuskuren.