Mai ciwon ɓarin kai zai iya motsa jiki kuwa?

Ummu Sadiq:
Assalamu alaikum. Wasu na cewa motsa jiki na rage ciwon ɓarin kai, wasu kuma sun ce shi ke tayar da shi. Wanne ne daidai? In ana yi, wane iri, na minti nawa, kuma da wane lokaci?

Baban Amira:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Duka biyun gaskiya ne. A 2011 an yi bincike a Gothenburg ta ƙasar Sweden: waɗanda suka riƙa tuƙa keken motsa jiki minti 40, sau 3 a mako, har wata 3, ciwon ya ragu musu kusan daidai da masu shan topiramate, maganin da ake sha don hana ciwon tasowa. Abin da ke tayar da ciwon galibi shi ne yadda aka fara: a faɗa gudu kai tsaye, ko da yunwa, ko da ƙishirwa, ko cikin rana.

Sai a bi a hankali. Mako biyu na farko, tafiya da ɗan sauri minti 15, sau 3 a mako. Daga nan a riƙa ƙara minti 5 duk mako har a kai 30 zuwa 40. Kafin a ɗauki sauri a yi minti 10 ana tafiya sannu-sannu don jiki ya ɗumama, a ƙarshe ma a sauka a hankali na minti 5. Ma'aunin ƙarfi mai sauƙi ne: in kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa, kina daidai. In magana ta gagara, kin wuce.

A ci abu kamar awa ɗaya zuwa biyu kafin a fita, ko da koko da ƙosai ne, ko ayaba da gyaɗa, domin sukarin jini in ya sauka yana janyo ciwon. Ruwa kuma leda ɗaya, wato rabin lita, awa ɗaya ko biyu kafin farawa, sannan a riƙa kurɓa duk bayan minti 15.

Hajiya Mai Unguwa:
Bari in ƙara kan lokaci, don nan ake yawan kuskure. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Kano, Sakkwato da Maiduguri kan haura 40, ga hasken rana mai kashe ido, shi ma yana tayar da ciwon. A fita bayan sallar asuba ko dab da magariba, da hula da baƙin tabarau. Sai dai kar a rage barci don a samu fita da sassafe. A kwanta da wuri. A watan azumi a bari sai bayan buɗa-baki da kamar awa biyu. Ranar da ciwon ya riga ya taso, ko ido ya fara ganin walƙiya, a haƙura, motsi ƙara shi yake yi.

Baban Amira:
Haka ne, Hajiya. Masu ɗaga ƙarfe kuma su kula kar su riƙe numfashi, don yana sa jini ya hau nan take. A fitar da numfashi lokacin ɗagawa, a zaɓi nauyin da za a iya ɗagawa sau 12 zuwa 15 ba tare da nishi ba.

Malam Na Kemis:
Maganar magani ce ta fi damuna. Propranolol, wanda shi ma ake sha don hana ciwon tasowa, yana rage bugun zuciya, saboda haka ƙirga bugun ba zai nuna wa mai shansa ainihin wahalar da jiki ke sha ba, gara ya bi gwajin magana. Topiramate yana iya rage gumi, jiki ya yi zafi ba a sani ba, don haka a guji rana, a yawaita ruwa. Kuma don Allah kar a mayar da farasitamol ko ibuprofen abin haɗiya kullum kafin fita. Shansu kwana 15 ko fiye a wata yana iya haifar da wani ciwon kan daban. Su kuwa triptan, wato magungunan da ake sha in ciwon ɓarin kai ya taso, da magungunan ciwo da aka haɗa da sinadarin kafeyin (caffeine), kwana 10 ma ya isa.

In ciwo ya sauka kwatsam lokacin motsa jiki, ya kai ƙarshen tsananinsa cikin minti ɗaya, ko ya zo da mutuwar ɓarin jiki, karkacewar baki, sarƙewar harshe, sanƙarewar wuya ko suma, kar a ce ai ciwon da aka saba ne. Yana iya zama zubar jini a ƙwaƙwalwa, sai a garzaya asibiti a take.